Ɗalibin Ƙarfe Huɗu

Ranar da Luyando ta fara ganinsa, yana tsaye gaban teburin littattafan Goggo Mutinta a kasuwar garin Choma, ya buɗe tsohon ƙamus na Turanci yana ta matse ido.

"Na manta tabarauna a gida," in ji shi. "Ko za ki karanta mini nan?"

Luyando ta san wannan maganar. Tsofaffi masu kawo wasiƙa, da matan da ke zuwa da takardar asibiti, kowa tabarau yake mantawa. Dokar teburin ita ce ba a tambaya, karantawa kawai ake yi. Ita kanta a aji bakwai ta tsaya, sauran karatun a nan ta tsince shi tsakanin ciniki da ciniki. Sai dai wannan saurayi ne tsaf-tsaf, ga farin gari a hannun rigarsa. Ta yanke a ranta cewa a injin niƙa yake aiki, tausayinsa ya kama ta.

Yatsansa na kan kalmar keep.

"Kai ma ka iya zaɓe," ta ce. "Wannan shafi ɗaya da rabi ta ci ita kaɗai. Ma'anarta ta farko, a ajiye abu. Kamar ka ce in ajiye maka littafin nan kada a saya."

"To ajiye mini," ya ce, yana kallonta maimakon shafin. "Sunana Habeenzu. Gobe sai mu yi ta biyu."

Ya dawo kuwa, ƙarfe huɗu da 'yan mintoci, ya kuma ci gaba da dawowa. Bai sake zancen tabarau ba, ita ma ba ta tayar ba. Kullum ma'ana ɗaya suke yi, wani lokacin ma rabi. Ta koya masa ta kiwon kaji, da ta allon bakin titi mai cewa a bi hagu, da ta kama baki a yi shiru. Ta koya masa wadda ƙamus bai sani ba.

"Mu nan in an tambaye ka wa ke keeping ɗinka, wa ke riƙonka ake nufi. Ni Goggo ce, tun ina shekara tara."

"Wannan ta fi duk sauran daɗi," ya ce.

Akwai ranakun da za ta furta wata doguwar kalma, sai ya maimaita ta daban, ya ce, "Ko haka ne? Harshena ne ya karkace." In ta duba daga baya sai ta ga nasa ne daidai. Mutumin akwai sa'a. Akwai kunya kuma, don da ya hango 'yan makaranta tafe sai ya sunkuya yana gyara igiyar takalmi har su wuce.

Goggo Mutinta dai ba ta raga masa ba.

"Wata uku a kan kalma ɗaya, ɗana? Akuyata ma da yanzu ta haddace."

"Kaina ne da tauri, Goggo."

"Da ganin ka. Ungo dafaffiyar gyaɗa, ko za ta tausasa shi."

Ana haka sai ɗan Goggo ya bugo waya daga Lusaka. Wani babban kantin littattafai na neman mai tsaron kanti, ya kuma sa baki an ba Luyando. Litinin da safe za ta hau mota. Shekara huɗu tana mafarkin wuri irin wannan, inda littattafai ke da ƙamshin sabunta, babu shafin da ɓera ya ci. Amma da ta zo haɗa kaya, ta fi minti goma riƙe da ƙamus ɗin, ta rasa jakar da za ta saka shi.

Ranar Juma'a ta gaya wa Habeenzu. Ya juya shafin gaba, ya dawo da shi baya.

"Akwai abin da ya kamata in faɗa miki tun tuni," ya ce.

"Na sani. Tun ranar farko na sani, kuma ba abin kunya ba ne."

Ya mai da idonsa kan shafin. Ta ɗauka nauyin maganar ne, sai ta yi sauri ta canja zance.

Litinin, ƙarfe takwas, motar Lusaka ta kusa cika. Goggo tana faɗa da kwandasta kan inda zai ɗora buhun dankalin da za ta aika wa ɗanta. Luyando ta sa ƙafa ɗaya a matakala ke nan ta hango shi a guje, yana haki, a lokacin da ba ta taɓa ganinsa a gari ba.

"Ka bar aiki?"

"Na bari. Luyando, tsaya ki ji..."

"A'a, kai za ka ji." Ta sauke ƙafarta, ta karɓe jakarta daga hannun kwandasta. Ta ɗaga murya yadda har Goggo ta juyo. "Ba za ni ba. Na yi maka alkawari, Habeenzu, ba inda za ni sai ka karanta shafi guda da kanka. In ya ɗauki shekara ashirin ma, ina nan."

"Ashirin ɗin kuwa zai ɗauka," in ji Goggo, ta fara sauke dankalinta.

Wata ƙaramar mota ta rage gudu a gefensu, wata dattijuwa mai furfura ta sauke gilashi.

"Malam Habeenzu, a tasha kake? 'Yan aji sha biyu suna can zaune tun ɗazu suna jiran darasin Turancinka."