Manomin da Ya Jira Shamuwa

Ajiye takalmin nan tukuna, ɗan'uwa, in ba ka wani misali kafin ka fita.

Akwai wani dattijo manomi da ke da tsamiya a bayan gidansa, shamuwa kuwa ta mai da ita masauki tun zamanin mahaifinsa. Da rani sheƙunan sai su zauna wayam, iska na wasa da su. Amma da zarar bazara ta yi nisa, sai ka gan shi ya shimfiɗa buzu a gindin bishiyar yana ta ɗaga kai. Ya san halin tsuntsayen nan kamar na 'ya'yan cikinsa. Ba sa wahalar da kansu da sabuwar sheƙa in tsohuwa na nan, gyara kawai suke yi. Ba su da wani kukan kirki, sai ƙwas-ƙwas da baki, kuma duk inda fara ta sauka, to nan ne kasuwarsu. Kashinsu kuwa sai ya mai da gindin tsamiyar fari fat, matarsa ta yi ta shara tana mita, shi ko sai dariya. Abu guda ya riƙe daga bakin mahaifinsa: kada iri ya shiga ƙasa sai shamuwa ta fara ɗaukar kara.

To, wata shekara da ta biyo bayan fari, irin geron da ya rage masa ƙwarya guda ne tak, in ya tafi, ya tafi ke nan. Kwatsam sai ga ruwa da wuri, wata la'asar, kamar da bakin ƙwarya. Gari ya ɗauki ƙamshin ƙasa, washegari kowa ya saɓi sungumi ya yi gona. Maƙwabcinsa, wanda abokin wasansa ne, ya leƙo ta kan danga ya ce, "Malam, har yanzu tsuntsuwa kake jira ta ba ka izini? To, in mun yi girbi ma aiko muku da dusa, kai da ita!" Dattijo ya kalli tsamiya, ko gashin tsuntsu babu. Ba zan ɓoye maka ba, hankalinsa ya tashi. Ranar da shukar mutane ta fito kore shar, har ya ɗauko ƙwaryar ya kai bakin ƙofa, sannan ya juya ya mayar da ita rumbu.

Sai sama ta ɗauke ɗif. Rana ta buɗe, tsiron nan ya lanƙwashe, ya yi ja, ya bi ƙasa. Wallahi bai ji daɗi ba, gonakin 'yan'uwansa ne. Ana nan ana nan, wata safiya yana alwala sai ya ji ƙwas-ƙwas a saman kansa. Ya ɗaga ido, ga su nan sun jeru a reshe, baƙin baya, farin ciki, ɗaya har ta riga ta ciko baki da kara. Ya saki buta ya ƙwala wa matarsa kira, "Fito ki gani, masu farin ciki sun iso, sun kuma taho mana da namu!" Ta fito da tsintsiya a hannu, wannan karon ita ma dariya take yi. Ba a daɗe ba hadari ya haɗu, damina ta sauka sosai, ya shuka geronsa a ƙasa mai laima, hankali kwance. Ɗan abin da ya rage a gindin ƙwaryar ya kai wa abokin wasansa, ko kalmar zolaya ɗaya bai haɗa masa da ita ba. Sauran mutane kuwa suka bazama ƙauyuka neman irin sake shuka. Lokacin da geron dattijo ya kai gwiwa, yana hutawa a inuwa yana kallon shamuwa na ciyar da 'ya'yanta, waɗanda suka riga shi fita gona ko noman fari ba su yi ba.

Ka ji abin da ya sa Bahaushe ya ce, sauri ya haifi nawa.