Gonar da Ta Ƙi Rabuwa

Gorar ruwa, dabino, da farantin ƙarfe mai lambar gonarmu. Su muka riƙo a jirgin ƙasa zuwa Haɗeja, ni da Gwaggo Barmani. Ƙaninta, Baffa Ɗantani, ya riga mu isa ofishin filaye. So yake a yanka fadamar nan tamu ya sayar da kasonsa.

A sabuwar doka, ba a yanka gona sai lambarta ta rabu daidai, ba saura. A layi akwai wani dattijo rungume da gwangwanin madara cike da ƙasa. Rabonsa ke nan na gonar ubansa.

Ma'aikaciya ta karanta lambarmu: "Miliyan goma da goma sha tara."

Na'ura ta gwada raba ta da biyu, uku, bakwai, har ta shige dubbai. Kullum da saura.

Ma'aikaciyar ta dubi Baffa. "Baba, wannan ba ta rabuwa sai da ɗaya, ko da kanta."

"To a raba ta da kanta mana!"

Gwaggo ta rangaɗa guɗa. "Ɗantani, ko lamba ta fi ka zumunci!"

Da muka koma gida, ta ja ƙyaure ta rufe.

"Gobe kowa ya ɗauki fartanya. Albasa za mu dasa, har da Ɗantani."