Man Shanun Kumandan

Wani soja ya ɗaga kulki zai fasa ƙwaryar nonon da wata tsohuwar Bafulatana ta gada daga uwarta.

"Dokar Kumandan ce, Dada. A kasuwar Garwa yanzu sai bokitin ƙarfe."

"To kirawo shi, ɗan nan. Yau da cokali zai sha man shanunsa."

Kumandan ya iso yana huci. Ya leƙa bokitan matan da suka bi doka, rana ta narkar da man tas. Ita kuwa tsohuwar ta gyara 'yar rigarta mudukare, awarwaro na kaɗawa, ta ɗage faifai. Ga curin mai yana yawo cikin nono, sanyi ƙalau.

Ya haɗiyi yawu, ya ture kulkin da kansa.

Kafin kasuwa ta zagayo, maruƙa ne ke shan ruwa a bokitan.