Kujeru Biyu Zuwa Alkahira

Wayar Sharhabil ta sake yin ƙara yana banɗaki. Matarsa Na'ima ta ɗauka ta duba. Saƙo ne daga manhajar nan mai sanar da mutum idan kuɗin jirgi ya sauka: Kano zuwa Alkahira, an yi ragi, kujeru biyu suka rage.

A unguwarsu ta Abakpa kowa ya san abin da ke kai ƙaramin ma'aikacin gwamnati Masar: asibiti. Ga shi wata guda ke nan mijin nata ba ya cin abincin kirki, duk ya rame.

Yana fitowa ta tare shi.

"Baban Yasmin, wace cuta kake ɓoye mini?"

"Ba ni wayar, kada kujerun su ƙare."

"Wallahi ba zan bayar ba! Shekara goma sha huɗu muna tare, sai a waya zan ji?"

Ya tsaya yana kallonta, idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

Ta buɗe saƙon da kanta. Ashe ya riga ya cike komai, biya kawai ya rage. Fasinja na biyu, ɗan rakiya: Sharhabil. Na farko, mai buƙatar keken marasa lafiya: Na'ima.

Sai ta tuna ranar da likita ya duba hoton cikinta, ya ce olsa ce kawai. Sannan ya ce ta ɗan jira a waje, yana son ganin maigida.