Gasar Inabi a Tsibirin Kogin Orange

Tannie Magrieta, wato Gwaggo Magrieta, ta sauko daga kwale-kwale rungume da kwalba biyu kamar mai jego da tagwaye. A tsibirin da ke tsakiyar Kogin Orange ake yin gasar ruwan inabi kowace kaka, domin Afirka ta Kudu da Namibiya har yau ba su daidaita kan mai shi ba, shi ya sa babu ɗan kwastan da ke wahalar da kansa zuwa wurin.

Inabin gaɓa biyun iri ɗaya ne, ruwa ɗaya suke sha. Amma tun da Namibiya ta sami 'yanci aka kafa shinge a gada, ko reshe ɗaya ba ya ƙetarewa sai da takarda. Mutanen kudu irin su Magrieta suka koma zuba ruwan inabinsu a gangar katako daga Cape. Na arewa, da ganga ta yi musu nisa, suka riƙa shanya 'ya'yan a rana kafin su matse, nasu ya fito da zaƙi kamar zuma. Kowane ɓangare na rantsuwa cewa na ɗaya ɓangaren ba ya shawuwa.

Oom Lukas, wato Kawu Lukas, zakaran arewa, ya riga ta isa, yana juya naman rago a kan garwashi. Ta lura ya rame, rigarsa kuma ba ta ga guga ba.

"Tsohuwa, kin kawo mana tsamin nan naki?"

"Na kawo, tsoho. Kai ma na ga ka zo da ruwan sikarin yara. Ka sha maganin hawan jininka kuwa?"

Ya ce wannan ba ruwanta ba ne, mutane suka kwashe da dariya.

Bana ba wasa ba ne. A gasar bara gardama ta kai su ga rantsuwa a gaban Fasto Links: wanda ya sha kaye zai bar gonarsa ga 'yan'uwa, ya ƙetare kogi ya tare a gonar wanda ya yi nasara. Magrieta ta yi da-na-sanin wannan baki nata. Mahaifinta ne ya dasa kurangar inabin nan, kuma tunanin barinta kaɗai kan hana ta cin abinci.

Aka ɗaure wa fasto ido da ƙyalle. Ya kurɓi na farko ya lashe baki, ya kurɓi na biyu ya ƙara kurɓa. Can ya ɗaga kofin dama, wato nata.

Mutanen kudu suka ɓarke da guɗa. Na arewa suka yi ta ƙorafi wai bana Lukas bai bar inabinsa ya ga rana yadda ya kamata ba, abin da bai taɓa yi ba. Shi kuwa gogan ko a jikinsa. Ya sunkuya ƙarƙashin teburin nama ya jawo akwatin kayansa, a ɗaure tsaf, da fasfo a aljihun gaba.

"Au, da shirinka ka zo?" in ji ta.

"Gwiwata ta gaji da layin gada kowace Lahadi."

Magrieta ta harare shi, ta karɓe akwatin, tana ɓoye murmushi. Bayan shekara talatin da 'yan kai da iyaka ta raba musu gida, yau dai mijinta zai tare.