Ranar da Casimiro Ya Toshe wa Motarsa Baki

Tun ranar da kamfani ya karɓe tsohuwar tirelar Casimiro Orozco mai shan dizal, ya miƙa masa sabuwa mai amfani da iskar haidurojin, kansa bai sake zama daidai ba. Mota ba ƙugi, ba hayaƙi, sai tururin ruwa a bayanta. Mutumin da ya yi furfura yana jan kaya a hanyoyin Fresno ya koma kamar ɗan koyo.

Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne wani ɗan akwati da ke maƙale a ƙarƙashin allon gaban sitiyari. Yesenia, mai raba wa direbobi aiki a ofis, ta yi masa bayani har ta gaji.

"Kawu, shi ke haɗa motar da rumbun bayananmu na intanet. Ta nan muke ganin iskar da ta rage maka, kai kuma ta nan za ka san tashar da ke aiki da wadda ta lalace."

"To, ina rumbun yake?"

"Ba a nan yake ba."

"A ina yake?"

"Ko'ina, Kawu."

"Ko'ina! Yarinya, ki fito fili ki ce so kuke ku san inda nake karyawa."

Mu tsofaffin direbobi muna da wata dabara tun zamanin dizal, kuma ba abin alfahari ba ce. In mutum zai ratse hanya, sai ya naɗe irin wannan akwati da takardar nan mai ƙyalli ta naɗe abinci, shi ke nan ofis ya daina ganinsa. A da babu wata ɓarna, don kowace kwana akwai gidan mai. Tashar haidurojin kuwa sai ka yi tafiya mai nisa kafin ka ga ɗaya.

Wata safiya a farkon zafi aka ɗora masa akwatunan ƙudan zuma, aka lulluɓe su da raga. Na Telesforo ne, mijin ƙanwarsa, wanda ba shi da wata sana'a sai kiwon zuma. Shi ya nace wa kamfani a ba Casimiro kayan.

"Ba don kyanka na zaɓe ka ba, tsoho," in ji Telesforo yana dariya. "Kada dai ka tsaya mini da su a rana. In mota na gudu iska na ratsa su. In ta tsaya, sun dahu."

"Kai za ka koya mini tuƙi? Matsa ka ba ni hanya."

Yana barin gari ya naɗe ɗan akwatin gaban motar da takardar nan, ya ratse ya sayi tamale mai zafi, wato wata irin alalar masara, wurin wata mata da ya saba da ita, ya hau hanya yana ci yana jin daɗi. Allon ya yi tsit, shi kuwa ya ce yau ya huta da surutu.

A daidai lokacin injin tashar da zai cika tanki ya lalace. Saƙo ya shiga allon kowace mota: a bi ta ɗaya tashar da ke gabas. Duk direbobi suka karkata, ban da shi. Yesenia ta duba ta ga motarsa ta ɓace, ta rasa ko hatsari ne ko na'ura ce ta samu matsala. Ta kira wayarsa. Ya ga sunanta ya kife wayar, a zatonsa faɗan tamale za ta yi masa.

Rana ta take lokacin da ya isa tashar. Ya tarar an ɗaure bakin famfon da jan ƙyalle, babu mota ko ɗaya. Ya zagaya, ya sake zagayawa, ya rasa abin da ke faruwa. Sai a nan ya kira ofis.

"Kawu! Kana ina? Tun safe muka ce kowa ya bi ta gabas!"

"Wa kuka gaya wa?"

"Motarka!"

Ya yage takardar. Saƙonni suka zubo a jere. Yesenia ta ga abin da ya rage a tankin, ta ce:

"Da tun a mararraba ka juya, da ta kai ka. Yanzu ba za ta kai ba."

"To a kawo mini a jarka mana."

"Kawu, iska ce. Ba a zuba ta a jarka."

Aka shiga neman wani kan mota da zai ja tirelar, duk suna kan hanya da kaya. Babu inuwa a wurin, babu tiyon ruwa. Casimiro ya yi ta watsa wa ragar ruwan gorarsa, ƙudan na harbinsa bai ma ji ba. Ƙugin da ke cikin akwatunan ya yi sama, ya yi sama, daga baya ya soma raguwa. Wallahi ban taɓa jin tausayin direba kamar na ranar ba.

Da labari ya kai wa Telesforo, ya riga kan motar da aka samo daga baya isowa. Ya buɗe akwati ɗaya, ya ga kakin ya narke, zuma na tsiyaya, ƙudan sun taru a ƙasa baƙi ƙirin. Ya buɗe na biyu, ya buɗe na uku, ya daina.

"Motar lafiyarta ƙalau fa," in ji Casimiro, har yanzu a ruɗe. "Babu abin da ya same ta."

Telesforo ya dube shi, idonsa jawur. "Ni na ce a ba ka, Yaya. Da bakina na ce kai kaɗai na yarda da kai."

Ya shiga motarsa ya tafi. Har yau bai sake taka gidan Casimiro ba.

Jama'a, motar lantarki da ta haidurojin ba su tafiya su kaɗai. Da labarin da suke aikawa da wanda suke karɓa suke kai kaya lafiya. Abin da ba ka gane ba, ka yi ta tambaya har ka gane, kada ka toshe shi da amanar wani a bayanka.