Tukwanen Aro

"Ku saki fuska, baƙi sun iso!" in ji shugabar layinmu. "Wadda bakinta ya yi tsawo, ta kuka da kanta."

Na ja tsaki, na ci gaba da ɗinkina. Duk shekara sai an yi mana wannan wasan kwaikwayo a masana'antarmu ta ɗinki da ke birnin Phnom Penh. Ranar da kamfanin da ke sayen rigunanmu ya turo masu bincike, ranar ake cire kwaɗon ƙofar baya, ranar fanka ke juyawa. Yau har da jajayen tukwanen kashe gobara reras a bango, an aro su da safe daga masana'antar tsallaken titi. Gobe can baƙin za su, sai a mayar musu da kayansu.

Wani Bature daga cikin baƙin ya tsaya a kaina, tafinta na biye da shi.

"Yaya, wai hankalinki kwance yake a nan?" in ji tafintan.

"Ce masa kwance yake, kamar kifi a kaskon suya."

Tafintan ya yi murmushi, ya faɗa masa abin da ya ga dama. Baturen ya shafa tukunya ɗaya, ya gyaɗa kai.

Sai ihu ya ɓarke a waje. Na leƙa taga. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe masana'antar tsallake, inda ƙanwata ke guga a hawan sama.

Ga tukwanensu nan a bangonmu suna ta sheƙi. Kwaɗon ƙofarsu kuwa, sai gobe za a cire shi.